Kafin Cefane, Sai an Sallami Mai Ruwa

Mu takwas ne a gidanmu, in aka haɗa da surukata da 'yar ƙanen maigidan da ke karatu a hannunmu, kuma jarka takwas muke ƙararwa a wuni in ba ranar wanki ba ce. Na san inda kowace take tafiya. Biyu na girki ne da sha, su ake juyewa a randa da wani farin bokiti mai murfi wanda ba mai tsoma kofi a cikinsa sai ni. Uku na wanka. Ɗaya ta alwala da butocin bayi, ɗaya ta wanke-wanke. Ta takwas ta ko-ta-kwana ce, ko baƙo zai sauka, ko yaro ya yi fitsarin kwance, ko miya ta kife a tabarma. Ranar Asabar da ake wankin kayan makaranta sai an ƙara huɗu ko biyar. Ruwan ɗauraya kuwa ba ya zarcewa kwata, sai ya wanke bayi tukuna, ko ya kwantar da ƙurar tsakar gida kafin a sa tsintsiya.

Kusan duk matar aure a unguwanninmu na Kano tana da irin wannan lissafi a kanta, ko da ba ta taɓa faɗa wa kowa ba. Jarkar nan rawaya da kowa ya sani, wadda asalinta ta man girki ce, lita 25 take ci. Takwas sun zama lita 200, kowannenmu ya tashi da 25. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗauki lita 20 ga mutum ɗaya a rana a matsayin ƙarshen ƙaranci, ta ce sai an kai 50 zuwa 100 kafin a ce mutum ya sami na sha da girki da wanka da wanki hankali kwance. Wato mu da ake ganin muna da rufin asiri a lungunmu, da ƙyar muka haye layin ƙasa.

Ga kuma kuɗin. Da aka kawo ni unguwar nan ina amarya, jarka naira 20 ce. Yanzu da damina naira 100, da bazara 150, ranar da abin ya yi tsanani har 200 na saya ina godiya. A kan 150, jarka takwas naira 1,200 ke nan a rana, 36,000 a wata, ban da wanki. Mafi ƙarancin albashin da gwamnatin tarayya ta sa wa hannu a 2024 naira 70,000 ne. Duk magidancin da ke kan wannan albashi da iyali irin namu, rabin abin da ya samu na tafiya ne a ruwa kafin a yi zancen masara. Shi ya sa a gidaje da yawa ba a sayen takwas ɗin. Ana sayen uku, a yi wa yara wanka yau a tsallake gobe.

Muna da famfo, kada a ce ba mu da shi. Yana nan a jikin bangon tsakar gida, ya yi tsatsa, yara na rataye soso a kansa. Autana bai taɓa ganin ruwa ya fito daga cikinsa ba. Surukata, wadda ta tashi a cikin birni, in ta dube shi sai ta girgiza kai. "Ke 'yar nan," in ji ta, "mu a zamaninmu in kika buɗe famfo sai kin ja da baya, in ba haka ba ya jiƙa miki zane." Ba ƙari take yi ba. Kano na cikin garuruwan Arewa da suka fara shan ruwan famfo. Tun farkon shekarun 1930, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, hukumar En'e ta gina gidan ruwa a bakin kogin Challawa, aka jawo bututu zuwa cikin gari. Kafin nan rijiya ce da kududdufi, sunayen unguwanni irin su Rijiya Biyu da Rijiyar Lemo da Rijiyar Zaki suna nan suna ba da shaida.

Bayan nan an yi ayyuka manya. Gwamna Audu Baƙo ya gina madatsar Tiga, aka gama ta a 1974, an tsara ta riƙe ruwa kusan kubik mita biliyan 2. An gama madatsar Challawa ta wajen Ƙaraye a 1992. A zamanin Malam Ibrahim Shekarau aka yi sabuwar matatar Tamburawa da aka tsara ta tace lita miliyan 150 a rana, da ta Watari mai miliyan 75. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin Tiga ya ga ruwa iya ganinsa, zai yi wuya ya yarda cewa ƙishirwar Kano ta rashin ruwa ce. Matsalar tana tsakanin kogin da bangon gidana.

Ruwa ba ya hawa tudu da ƙafarsa. Sai an jawo shi daga kogi da inji, a tace, a sake turo shi da wani injin zuwa manyan tankuna irin na kan Goron Dutse, sannan ya gangaro gidaje. Kowane mataki wuta yake ci, in babu wuta sai man gas, wanda kowa ya san kuɗinsa. Bututun da ke ƙarƙashin tsofaffin unguwanni wasu sun girmi iyayenmu, sun ruɓe suna yoyo, wasu kuma aikin titi ya fasa su aka bi da kwalta ta kai. Garin ma ya tsere wa bututun. Ƙidayar 2006 ta ba jihar Kano mutum miliyan 9.4, yanzu kuwa birnin da kewayensa kaɗai ana ƙiyasta ya haura miliyan 4. Unguwannin awon igiya da suka tsiro a gonakin da, yawancinsu ba a taɓa binne musu bututu ba ko na kamu ɗaya. Inda ruwan ke ɗan zuwa kuma, masu hali na kusa da babban layi sun ɗaura inji suna zuƙe shi, na ƙarshen layi ya buɗe famfo ya ji iska. Daga nan sai a shiga zagaye: mutane su ƙi biyan kuɗin ruwa don ba ya zuwa, ruwa ya ƙi zuwa don ba kuɗin gas da magani.

Da famfo ya ɗauke, kowa ya koma ƙasa. Mu ma muna da rijiya a bayan ɗakin girki, kuma shekarun farko ta rufa mana asiri. Amma ƙarƙashin Kano dutse ne mai tauri, ba kamar ƙasar Haɗeja zuwa Barno ba inda yashi mai kauri ke riƙe ruwa. A nan ruwan yana zaune ne a ruɓaɓɓen dutsen da ke sama da kuma tsagogin da ke cikinsa. Shi ya sa za ka ga an haƙa rijiyar burtsatse a wannan gida an sami ruwa kamar da bakin ƙwarya, maƙwabcinsa ya kashe miliyoyi ya tashi da ƙura. Ruwan saman da ke ciyar da ƙasar kuma wata huɗu ne zuwa biyar, daga wajen Mayu ko Yuni zuwa Satumba. Kududdufan da ke tara shi su ba ƙasa ta sha a hankali, an cike da yawansu da shara an yi gini, sannan mun shafe tsakar gidajenmu da siminti. Tun da aka haƙa bohol uku a layinmu, rijiyarmu ke ƙafewa tun sanyi bai gama fita ba. Guga ya sauka, ka ji ya bugi taɓo.

Nan mai kura ya zama mutum mafi muhimmanci a unguwa, duk da ba mai gayyatarsa taro. Namu dattijo ne daga ƙasar Damagaram, ci-rani yake zuwa bayan an gama girbi, yara na ce masa Baba mai ruwa. Kurarsa jarka 12 take ɗauka, kilo 300 ke nan ban da nauyin ƙarfen, kuma da ƙirji yake tura ta a lungun da babu kwalta, ya tsallake kwata, ya kauce wa babur. In ya iso ƙofa sai ya ɗauki biyu-biyu, jijiyoyin wuyansa a miƙe, ya yi sallama a soro ya jira a ce ya shigo. Ba ya rubutu, ni ma ba na ba shi kuɗi kullum. A bangon soronmu, bayan ƙyaure, akwai zane-zanen gawayi, kowane layi jarka ɗaya. Ranar Juma'a maigidan ya ƙirga ya biya, Baba ya sa tafin hannu ya goge. Ba mu taɓa saɓani a kan layi ɗaya ba.

Na taɓa yi masa ƙorafin tsada. Ya ajiye jarka ya ce, "Hajiya, ni ma saye nake. Mai bohol ya ƙara, mai kura na jiran balas ɗinsa da yamma, ga faci. In na yi sawu shida yau, gobe bayana ba ya miƙuwa." Kurar ma ashe ba tasa ba ce, haya yake. Mai bohol ɗin shi ma yana da abin faɗa, domin in ba wuta da janareta yake tayar da ruwa. Ranar 29 ga Mayu, 2023, da aka ce tallafin mai ya tafi, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, daga baya har ta wuce 1,000. A makon da aka cire tallafin kuɗin ruwa ya tashi a lungunmu. Abin da ban gani ba shi ne ranar da fetur ya ɗan sauko ruwa ya biyo shi.

Wani abin da sai mai zama a gida ya sani: lokacin da ruwa ya fi wuya ba tsakiyar bazara ba ne kaɗai. Da an yi ruwan shuka, su Baba sai su ɗaure kaya su tafi gona. Rijiyoyi ba su kawo ba tukuna, masu kura sun ragu, sai ka ga mata na leƙe ta soro suna aika yara su tare duk kurar da ta gifta. Na ga matan aure biyu, aminan juna, sun yi wata ba sa gaisawa saboda ɗaya ta tare kurar da ɗayar ta yi odar ta tun asuba.

Abin da ke ci mini rai a lissafin nan shi ne, wanda ya fi talauci shi ya fi sayen ruwa da tsada. Mai hali ya haƙa bohol sau ɗaya, ya sa sola, ya ɗora tanki, daga nan har mota yake wankewa da tiyo. Mai ɗaki ɗaya a gidan haya yana biyan kowace lita da kuɗin hannu. In ba shi da su, 'ya'yansa ne za su biya da lokacinsu. Akwai wani Alhaji a bakin titinmu, Allah ya saka masa, da ya fito da kan famfo biyu ta jikin katangarsa yana buɗewa bayan sallar asuba. Je ka ga layin bokitai da robobi, an jera su tun dare an ɗora dutse a kai don kada iska ta ɗauke. Yawancin masu tsaron layin 'yan mata ne 'yan shekara tara zuwa sha uku. Ni malamar firamare ce, na san su. Su ne ke shigowa aji ƙarfe tara da jiƙaƙƙen hijabi, su kifa kai a benci. Da wuya na iya ɗaga musu bulala a kan makara.

Unguwarmu ta taɓa samun bohol na jama'a. Wani ɗan takara ne ya haƙa ana saura 'yan watanni zaɓe, aka rubuta sunansa a jikin tanki da fenti mai kyau. Ya yi aiki kamar shekara ɗaya da rabi, sai samo, wato injin da ke tayar da ruwan, ya ƙone. Ba wanda aka damƙa wa shi, ba asusu, ba wanda ya san inda takardun suke. Tankin ya zauna shekaru, awaki na kwana a inuwarsa.

Bazarar da ta fi gasa mu ce ta sa mai unguwa ya tara magidanta a masallaci bayan lisha. Maigidan na cikin waɗanda aka zaɓa a kwamiti, shi aka ba riƙon littafi, don haka labarin taron yana zuwa mini da ɗuminsa tare da tuwon dare. An yanke a yi karo-karo a sayi sabon samo da faifan sola, a huta da zancen wuta. Sai rigima ta tashi a kan mene ne gida. Gidan haya mai ɗaki goma sha biyu, gida ɗaya ne ko goma sha biyu? Masu haya suka ce gobe ana iya ba su notis, ba za su gina wa mai gida daraja da kuɗinsu ba. Masu gidajen hayar kuma, waɗanda yawancinsu ba a unguwar suke zaune ba, suka ce su ba sa shan ruwan. Masu bohol a gida suka ce a ɗauke su. An kai ruwa rana kafin a daidaita a kan kowane magidanci da tukunyarsa, mai gidan haya kuma ya ba da kaso ɗaya na daban. Wani tela da ba wanda ya zata ya ba da fiye da kowa, ya ce kada a faɗi sunansa, kafin azahar kowa ya ji.

Ruwa ya zo, aka yi murna. Sai dai duk zaman nan da aka yi, ba a tambayi mace ko ɗaya ba, alhali mu ne muka san ƙarfe nawa ake ɗora tukunya da ranar da ake wanki. Suka jera kawunan famfo shida a ƙofar masallaci, daidai inda samari ke kafa majalisa, suka sa lokacin buɗewa daga bakwai zuwa tara na safe. Wace budurwa ce za ta sunkuya tana tarar ruwa a gaban majalisa? Wace uwa ce za ta zaɓa tsakanin ruwa da makarantar ɗanta kullum safiya? Ba mugunta suka yi ba. Sun duba inda su suke buƙatar ruwa, wato wurin alwala, suka sa shi a nan.

A islamiyyar matan aure ta dare muka tattauna, muka ɗora wa tsohuwar ungozomar unguwa saƙo, domin ita ce ba a iya ce wa ta dawo gobe. Rabin 'yan kwamitin ita ta yanke musu cibiya. Ta yafa mayafi ta sami mai unguwa a ƙofar gidansa, aka ce ko zama ba ta yi ba. "Ranka ya daɗe, ruwan nan na alwala kuka yi ko na tuwo? In na tuwo ne, a kai shi inda masu tuwo za su iya zuwa." Cikin mako biyu aka ja bututu zuwa lungun baya aka sa kai uku, aka mayar da lokaci bayan asuba zuwa bakwai, da kuma bayan la'asar. Kuɗin bututun daga adashenmu ya fito, kwasar wata guda muka sadaukar.

Rigima ta biyu ta fi ta farko zafi, kuma a ita ina da ɓangare. Kwamiti ya ce kowace jarka naira 20, a tara don gyara da ɗan alherin yaron da ke tsaron wurin. Wasu suka tashi, wai ruwan jama'a ba a sayar da shi, wai an mayar da sadaka kasuwa. Na fahimce su, amma na ga tankin ɗan takara da idona. Samo zai ƙone, kan famfo zai lalace, faifan sola na son wanki, ɓarayi na son faifan. Ranar da abin ya tsaya, masu cewa kyauta ba su ne za su ciro dubu ɗari biyu ba. Liman ne ya raba gardamar, ya ce kuɗin na kula da inji ne, kuma a ware gidajen marayu da tsofaffin da ba su da mai yi musu, su ɗiba ba ko sisi. Ana karanta abin da ya shiga da abin da ya fita a masallaci duk ƙarshen wata. Maigidan ya ce tun da aka fara karantawa masu zargi suka ragu, masu zuwa sauraro ma suka ragu.

Ban daina sayen na kura ba, domin bohol ɗaya ba ya ɗaukar unguwa, kuma in hadari ya rufe rana tankin ba ya cika. Amma takwas ɗin nan yanzu rabi daga lungun baya suke zuwa.

Akwai abin da nake yawan faɗa wa mata, ko suna so ko ba sa so. Ruwa ya yi garau ba shi ne ya yi tsabta ba. Filayenmu ƙanana ne, rijiya a nan, masai ko sokawe na maƙwabci a bayan katanga, taku biyar tsakani, alhali masana na son a bar kamar mita 30. Da damina ƙasa ta jiƙe, abin da ke can yana tsiyayowa nan, kuma lokacin ne amai da gudawa da taifot ke yawo. Leƙa cikin jarkar mai kura da tocila wata rana, za ka ga kore shar a gindinta. Alif da muke jefawa yana kwantar da laka ne kawai, ba ya kashe ƙwayar cuta. Ruwan sha dai a tafasa, ko a sa maganin kilorin yadda aka rubuta a jikin kwalbar, a rufe, a ware masa kofinsa. Na san gawayi da gas sun yi tsada. Ledar ƙarin ruwa a asibiti ta fi su. Masu komawa fiya wata kuma su duba lambar NAFDAC, su kuma san inda ledar take ƙarewa.

A kwata take ƙarewa, kuma nan ne sabuwar rigimarmu take. Duk jarkar da ta shiga gida sai ta fito, da kumfa da maiƙo da ɓawon albasa. Tun da ruwa ya ɗan yalwata, lambatun lungunmu, wanda dama ƙasa ce aka yi wa rami, ya kasa ɗauka. Na sama ya share ƙofarsa ya turo wa na ƙasa, leda ta toshe, ruwa ya kwanta baƙi ƙirin a gindin katangar wata bazawara da ke ƙarshen gangare, ginin ƙasa ne kuma ya fara jiƙa. Sauro ya samu gida. Asabar ɗin ƙarshen wata da ake tsabtar muhalli samari kan fito da shebur su kwashe, su tara dagwalon a bakin kwatar, ba mai ɗaukewa, ruwan sama na farko ya mayar da shi inda ya fito.

Kwamiti ya kawo shawarar a ɗauki wani abu daga asusun bohol a sayi bulo da siminti a gina lambatun. Na saman gangare sun ce kuɗin ruwa na ruwa ne, kwata kowa ya ji da ta ƙofarsa. Na ƙasa sun ce in haka ne kowa ya riƙe ruwan wankinsa a ɗakinsa. Mai unguwa ya sa zama bayan sallar Juma'a mai zuwa, kuma wannan karon ya aiko a tambayi mata tun kafin a zauna. Mun ba da amsa: a fara ginin daga ƙarshen gangare, ta wajen katangar bazawarar nan, kafin ruwan Agusta.